Zaituna da Tsatson Gindin Randa

A wata unguwa da ke gangaren kogi a Gashua, in ƙwaro ya shiga kunnen yaro, gidan Zaituna matar Ya'u ake kai shi. Takan kwantar da shi a cinyarta, ta ɗiga masa man gyaɗa, ta jira abin ya taso. Iyaye kan zo suna rantsuwa cewa tsatso ne, ƙwaron nan siriri mai ruwan ƙasa da ke da almakashi a wutsiya. In abin ya fito, sai ta ɗora shi a tafin hannu ta nuna musu, ga shi ɗan kyankyaso ne ko wani ƙwaron fitila.

"Kun dai ga wutsiya kun tsorata," takan ce. "Matsinsa bai kai cizon cinnaka ba. Lungu mai laima yake nema, me zai ci a kunnen ɗanku?"

Ba wanda ya koya mata sanin tsatso. Abin ya faro ne a farkon shekarun casa'in, lokacin da aka yaye 'yarta ta fari, Munira. Yayarta Kaltum, wadda ke auren wani ɗan kasuwa mutumin Haɗeja a Nguru, ta daɗe ba ta samu haihuwa ba. Ta zo ta goya yarinyar ta hau mota, dangi suka ce haka ya dace. Ba a tambayi Zaituna ba, kuma da an tambaye ta ba abin da za ta ce. 'Yar fari ce, kunya ta hana ta ko kiran sunanta. 'Yar Nguru take ce mata.

A kwanakin ne ta ɗaga randa za ta sake yashin gindinta, sai ta tarar da tsatso a wani ɗan rami, kwance a kan ƙwai farare, ƙanana, ba su kai tsabar gero ba. Ta sa tsinke ta watsa su. Ƙwaron bai gudu ba. Ya ɗaga almakashi ya yi mata barazana, sannan ya bi ƙwan ɗaya bayan ɗaya yana ɗauko su da baki, har ya tara su wuri guda. Zaituna ta mayar da randar a hankali, ta bar yashin yadda yake.

Daga nan ta shiga leƙe. Ta gane macen ce, don almakashinta miƙaƙƙe ne, na namiji kuwa lanƙwasasshe kamar lauje, kuma in ya kusanto ramin korarsa take yi. Ta ga uwar tana lashe ƙwan tana juya su, ba ta ko fita kiwo. Waɗanda Zaituna ta ware gefe ta rufe da sakaina, fumfuna ce ta cinye su. Sauran suka ƙyanƙyashe, farare fat, ba fiffike, suna maƙale da uwarsu har suka yi saɓa, suka yi duhu, suka watse. Da kaka, in Ya'u ya kawo damman gero daga gona, manyan kan zubo daga cikin zangarniya. A nan ta ga suna cin bununi da ƙwan tsutsa, ta kuma ga ɗaya ya warware fiffiken da ya naɗe a gadon bayansa, abin da mutane da yawa ba su yarda yana da shi ba.

Maza ta yi ta haifa bayan Munira. Ita kuwa yarinyar sai da Sallah ake kawo ta, da kitso da lalle irin na hannun Kaltum, tana kiran Kaltum Mama, tana kiran Zaituna Innar Gashua. Zaituna takan amsa gaisuwa tana kallon gefe, amma ba abin da ke wuce idonta. In baƙi sun tafi, Ya'u ne ke shan ƙorafi.

"Ya Kaltum ta cika tsananta kitso, dubi goshin yarinya. Kuma shayi kullum, shayi abinci ne?"

"To ki faɗa mata mana."

"Ni? A kan me? 'Yarta ce."

Wata damina ta dace da ramuka biyu, ɗaya a gindin kowace randa. Sai wani tunani ya zo mata. Ta jiƙa bakin tsinke, ta kwashi ƙwan wannan ta zuba a ramin waccan, ta tsuguna tana jira. So take ta ga an ture su waje, ko a cinye su. Baƙuwar uwar ta taɓa su da gashin kanta, ta jawo su cikin nata, ta hau lasa. Duk suka ƙyanƙyashe tare, ba mai iya rarrabe su.

Ranar tuwo ya yi gudaji. Ya'u ya tambayi dalili, ta ba shi labari, ya yi dariya har da ƙwarewa.

"Wato ƙara kika kai Kaltum gaban ƙwaro, alƙali ya ba ta gaskiya."

"Malam, ƙwaro ne fa, ba shi da hankali. Da yana da shi, da ya san nasa."

Shekaru suka tafi, aka aurar da Munira a Jajimaji, daga ɗakin Kaltum aka ɗauke ta. Zaituna ta haɗiye wannan, domin tana da abin da take jira. Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, can ake wankan jego, kuma a ganinta uwa a nan ita ce wadda ta san naƙuda. Da labari ya zo cewa cikin ya tsufa, ta tara itace har ya kai rabin katanga, ta tanadi kanwa da gero na kunu, ta sa aka yi wa ɗakin gabas sabon daɓe. In an tambaye ta, sai ta ce itace ne ya yi araha.

Wata safiya Madina, gwaggon mijin Munira, ta iso. Bayan gaisuwa ta ce, "Maza sun ce in zo in ji daga bakinki. Nan za a kawo ta, ko Nguru?"

Abin da Zaituna take jira ke nan. Amma wace uwa ce za ta buɗe baki ta nemi 'yar fari? Yadda aka saba, za ta noƙe, a matsa mata, ta sake noƙewa, sannan a yanke abin da kowa ya sani.

"Ni me na sani? Ai tana da uwa a Nguru."

Madina tana saurin kada motar kasuwa ta bar ta. Ta gyara mayafi ta ce, "Kai, madalla da mai kawaici," ta fita. Zaituna ta bi ta har zaure, maganar na bakinta, ba ta fito ba.

Namiji aka haifa, aka sa masa Ridwanu. Ranar suna Zaituna ta shiga gidan Nguru ta tarar da Kaltum da zani ɗaure a ƙirji, tana tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa, mata na yi mata barka da jika. Zaituna ta ɗanɗana kunun kanwa, ta nemi aibinsa ta rasa. Da la'asar taro ya ragu, ya rage su uku a ɗaki da jariri.

Munira ta miƙa wa Zaituna shi, ta ce a hankali, "Inna, na fa haɗa kayana na Gashua. Aka ce kin ce Nguru."

Zaituna ba ta dube ta ba. Ta ƙura wa jaririn ido, don jika ba a jin kunyarsa.

"Kai angon banza, ka zo ba ko kuɗin cefane. Ka gaya wa mutanen gidan nan, in lokacin yaye ya yi, ka san hanyar gidan matarka."

"A'a," in ji Kaltum, tana matse tsumma. "Jariri ba ya kai saƙo. Shekara da shekaru ina jin gunaguninki daga bakin mutane, ban taɓa ji daga naki ba. In kina son abu, faɗa mana, ga ni ga ta."

Zaituna ta gyara wa jaririn kwanciya a cinyarta.

"Yaye a Gashua," ta ce. "Kuma na gaba, in Allah ya kawo, a ɗakina za a yi wanka."

"Wa kike gaya wa?" in ji Kaltum. "Ni ko bango?"

Zaituna ta ɗago kai, ta dubi yarinyar ido cikin ido.

"Ke nake gaya wa, Munira."

"To, Inna," in ji Munira.

Kaltum ta ɗauki bokiti ta nufi ƙofa. "Yaye kawai na bayar," ta ce. "Na gaban sai mun zauna."