Ƙarafan Riƙon Bappa

Shagon ɗinkina yana kallon zauren gidan su Abdulmalik a Gwammaja, saboda haka ko ina so ko ba na so, ni ne shaidar duk abin da ya shiga ko ya fita ta ƙofar nan. Tare muka taso. Ni na gaji keken ɗinki, shi kuwa ya gaji sanin dabba, don mahaifinsa makiyayi ne da ya sayar da ragowar shanunsa bayan wani fari ya shigo birni. Abdulmalik bai taɓa kiwo ba, amma maganin dabbobi yake sayarwa a kasuwannin ƙauye, yau Wudil gobe Ɗambatta, kuma wannan yawon ne hujjar da ya kafa mana ranar da ya shigo unguwa da babur ɗin nan.

Hujja ce kawai. Mai sayar da maganin tsutsar awaki ba ya bukatar irin wannan ƙaton abu. Ɗan Kwatano ne, baƙi, da gilashin tare iska a gaba da akwatuna biyu a gefe, irin wanda aka ƙera don doguwar tafiya a kan kwalta. Lungunmu kuwa, in mai kura ya shigo sai mai tahowa ya koma da baya. Kullum sai Abdulmalik ya tsaya a bakin titi ya cire akwatunan, ya lallaɓo da babur, ya ɗora katako a dokin ƙofa ya tura shi zaure yana nishi, sannan ya koma ya ɗauko akwatunan. Na sha tambayarsa, "Wai kai ke hawan babur ɗin nan ko shi ke hawanka?" Sai ya ce in ci gaba da taka nawa keken, wanda tunda nake taka shi bai kai ni ko Ƙofar Mata ba.

Amma zan yi masa adalci, ban taɓa ganin mai kula da abinsa kamarsa ba. Kanikawan unguwa sun saba da ƙananan babura, da suka buɗe wannan suka ga wayoyi sai suka mayar suka rufe, don haka da kansa ya koya. Ranar Juma'a da hantsi zai shimfiɗa buhu a ƙofar gida, ya wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ya shafa mata mai, ya duba birki da baƙin mai. Da ya ga injin yana ɗaukar zafi a cunkoson gari, ya sa wa fankar lagireto makunni na daban. Da bayansa ya fara ciwo, ya ɗaga hannun babur ɗin sama kaɗan don ya daina tafiya a duƙe. In yana wannan aiki ba ya jin kira.

A cikin zauren kuwa, a kan buzu, mahaifinsa Malam Shehu ke zama, wanda duk unguwa ke kira Bappa. Abdulmalik shi ne ɗansa na fari, kuma Bappa mutumin da ne, ya riƙe kunyar ɗan fari yadda ya tarar iyayensa na yi. Bai taɓa kiran sunansa ba. Ba ya cin abinci da shi a kwano ɗaya, ba ya yaba masa a gaban mutane, ba ya taɓa jikinsa. Ƙannen Abdulmalik ya ɗauke su a kafaɗa, ya kai su kallon kasuwa, amma shi ko shafa kai bai samu ba. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka, har shi Abdulmalik ɗin. In Bappa yana da magana sai ya leƙo shagona ya ce, "Muttaka, a gaya wa mai babur ana nemansa a ciki," alhali mai babur ɗin yana tsugune a gabansa yana jin komai.

Ƙarshen daminar bara aka aiko cewa Gwaggo Hasana, yayar Bappa, jiki ya yi nauyi. Ita ba ta taɓa barin rugarsu ba, can bayan Birnin Kudu, inda kwalta ke ƙarewa a bi burtali. Bappa ba ya iya mota, da an fara tafiya sai jiri da amai, shi ya sa ya yi shekaru bai je ba. Bai ce yana son zuwa ba. Ya dai daina cin abinci sosai, ya riƙa zama yana kallon babur. Wata safiya ya zo ya tsaya a ƙofar shagona.

"Muttaka, wannan abin yana iya hanyar shanu kuwa?"

Da na kai saƙon, Abdulmalik ya ce, "Zai iya, in an bi a hankali. Amma na baya dole ya riƙe na gaba. Ka san Baba, gara ya faɗo da ya riƙe ni."

Haka ya ɗaura aniyar mayar da babur ɗin abin da uba zai hau ba tare da ya taɓa ɗansa ba. Ya kai shi wurin Ɗanjuma mai walda a Jakara, aka ƙera ƙarafan riƙo guda biyu, dama da hagu, da majingina a baya. Wani baduku ya sake kujerar, ya faɗaɗa ta, ya yi ɗan tudu a tsakiya don kada na baya ya zamo gaba in an taka birki. Aka sassauko da matakin ƙafa saboda gwiwar tsoho. Ni ma aka sa ni a ciki, na ɗinka tamfol mai kauri aka rufe gefen tayar baya, don babbar riga in ta shiga sarƙa ba ta tsayawa sai ta kayar da mai ita. Aiki ya yi kyau, har na ce masa ya bar maganin awaki ya buɗe gareji.

Suka tafi da sassafe, Bappa da hular kwano a kan hularsa, ya damƙe ƙarafansa, ya miƙe zam. Suka dawo kafin magariba lafiya lau. Bappa ya ga yayarsa, ya ci abinci a ranar har da ƙari, gida ya cika da murna.

Abdulmalik ne kawai bai yi murna ba. Washegari ya zauna a bencin shagona, ko ƙurar babur bai goge ba.

"Muttaka, ka san abin da na yi? Tun daga Gwammaja har ruga, har muka dawo, ko bakin rigarsa bai taɓa ni ba. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ina sauraron bayana. Ko buhun gero na ɗauko da ya jingina da ni." Ya share fuska da tafin hannu. "Na wuce arba'in. Hanya ɗaya Allah ya kawo da zai riƙe ni ba tare da ya ji kunya ba, ni da hannuna na je na toshe ta."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, kuma na ji haushin kaina da ban taɓa lura abin yana cinsa haka ba.

Bayan 'yan makonni Gwaggo ta sake aikowa tana son ganin ƙaninta. Ana gobe tafiya, da la'asar, Bappa yana masallaci, sai ga Abdulmalik da ƙarafan riƙon nan biyu a hannu. Ya kwance su, ya tura su ƙarƙashin teburin yankana.

Na ce, "Kai, ka haukace? Tsoho ne fa! In ya ƙi riƙe ka ya faɗo, me za ka gaya wa mutane?"

"Majingina tana nan. Zan tafi kamar mai tura kura. In na ga ya ƙi, zan juyo in mayar da su."

Na yi masa faɗa sosai, har Sadiya matarsa ta leƙo ta ga ko lafiya. Bai saurare ni ba.

Da safe Bappa ya fito da shirinsa, ya tsaya a kan babur ɗin yana kallon ramukan noti. Ya waiwayo gare ni.

"Muttaka, ina ƙarafan?"

Abdulmalik ne ya amsa, kansa a ƙasa. "Baba, sun ɗan tsage ne, an kai gyara."

Bappa ya daɗe a tsaye, har na ɗauka zai koma ciki. Sai ya tattare rigarsa, ya yi bismilla, ya hau. Ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwoyinsa, kuma haka na ga sun fita daga lungu.

Yinin nan ban yi ɗinkin kirki ba, wuyan riga ɗaya sai da na farke shi na sake. Da rana ta yi sanyi na kasa zama, na fita bakin titi na tsaya. Can na hango su suna tahowa a hankali. Bappa ya zagaye ƙugun ɗansa da hannu biyu, ya jingina ƙirjinsa a bayansa. Suna dab da lungu ya saki, ya mayar da hannu kan gwiwa, ya gyara zama kafin 'yan unguwa su gani. Da Abdulmalik ya cire hular kwano idanunsa sun yi ja. Ya ce iska ce, ni kuwa ban tsokane shi ba.

Washegari ina buɗe shago Bappa ya zo, muka gaisa. Abdulmalik yana tsugune a ƙofar gida yana wanke sarƙa. Tsohon ya dubi ƙarƙashin teburina, inda bakin ƙarafan ya leƙo daga cikin ƙyallaye, ya kawar da kai.

"Muttaka," ya ce, "a gaya wa mai babur, kada ya yi gaggawar karɓo ƙarafan nan daga wurin gyara. Rana na gasa su, suna ƙona mini hannu."