Fuskar Aro a Bangon Bariki

Duk sojan da ya taɓa kai takalminsa gindin bishiyar nan ta bakin ƙofar bariki ya san Baba Shumeka, ya kuma san tambayarsa. Zai karɓi takalmin, ya juya shi, ya danna dunduniyar da babban yatsa, ya ja tsaki, sannan ya ɗago kai ya ce, "Wai ni kam, cikin jaruman nan da aka zana a bangon zaurenku, da za a taso da ɗaya ya zo ku gaisa, wa za ka zaɓa?"

Zauren da yake nufi shi ne inda sojoji ke cin abinci, can cikin bariki. A bangonsa akwai zanen shugabannin yaƙi huɗu na zamanin da. Sunayensu na nan a rubuce, amma wa ke da lokacin karantawa da cokali a hannu? Sojoji sun raɗa musu nasu: Mai Farin Doki, Mai Giwa, Uwar Mayaƙa, sai na can kusurwa, Mai Harara.

Amsoshi kuwa Baba ya sha su iri-iri. Wani kofur ya ce shi Mai Giwa yake son gani, ya tambaye shi abin da yake ciyar da dabbobin nan a hanya, don shi mutum goma ma ciyar da su gagararsa yake yi. Wani kurtu ya rage murya ya ce Mai Farin Doki, yana so ya ji ko shi ma cikinsa kan ɗuri ruwa kafin a gwabza. Saje Doguwa, wadda ke kashe dunduniyar takalmi fiye da kowane namiji a barikin, kullum Uwar Mayaƙa take zaɓa. "In tambaye ta yadda take sa ƙartin maza su yi shiru ba tare da ta ɗaga murya ba, Baba. Ni maƙogwarona ya gaji."

Baba yakan yi dariya, hannunsa na aiki. Amma ranar da wani ya ce Mai Harara, sai ka ga basilla ta tsaya cak a cikin fata.

"To me za ka tambaye shi?"

"In ji wanda ya ɓata masa rai haka."

Baba ya san amsar, domin fuskar tasa ce.

Yana saurayi ya zo gindin bishiyar nan da akwatin katako da guduma ɗaya, ko gemu bai tsiro ba sosai. Wata rana mai zanen da aka ɗauko don aikin bangon ya kawo masa silifas da ya tsinke. Mutumin na ta ƙorafi: sauran ukun ya sami kamanninsu a littattafai, amma na huɗun ya mutu tun kafin a san wani abu wai shi hoto, babu wanda ya san ko dogon hanci gare shi ko gajere. Yana cikin magana sai ya ƙura wa mai gyaran takalmin ido. Kafin ka ce me, ya zaunar da shi a kan akwatinsa, ya kifa masa kwano a ka a matsayin hular ƙarfe, ya juya shi yana fuskantar rana, ya hau zane a takarda. Hararar nan da ta firgita kurata shekara da shekaru, wallahi rana ce kawai ta dalle masa ido.

Mai zane ya yi alkawarin zai shiga da shi ya gani in an gama. Ya gama, ya tattara komatsansa, ko sallama babu. Zauren kuwa yana bayan ƙofa ta biyu, inda farar hula ba ya wucewa sai da takardar izini, ɗaukar hoto kuma haramun ne a ciki. Haka Baba ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya aurar da su, ya binne matarsa, gashinsa ya yi fari fat, bai taɓa sa zanen a ido ba. Sau ɗaya ya yi gangancin faɗa wa wani samanja, shi kuwa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sa aka yi ta kiran Baba "Janar" har sai da aka yi wa samanjan canjin wurin aiki. Daga ranar ya ja bakinsa ya tsuke.

Sai ya koma tattara kamanninsa daga bakin mutane. Sojoji kuma, Allah ya shirye su, kullum a gaban zanen suke cin abinci amma ba mai iya kwatanta shi. Wannan ya ce yana da gemu, wancan ya rantse babu. Tarihinsa ma haka. Wani ya ce ba a taɓa cin sa da yaƙi ba. Wani ya ce ai mutanensa ne suka kashe shi, Baba ya yini ransa a ɓace. Wani malamin kurata ya ce shi ne ya ja da baya, ya haye kogi da rundunarsa don kada a ƙarar da 'ya'yan mutane a banza. Wannan ne ya kwanta wa Baba a rai, har ya ƙara wa takalmin malamin ɗinki biyu ba a tambaye shi ba.

Ana nan sai aka kawo sabon kwamanda, mai son ganin komai fes. Ya ce bangon ya ɓaɓɓare, za a shafe shi da farin fenti, a bar jarumi ɗaya tak a gyara shi. Sojoji su zaɓa da kansu: wanda suka fi son haɗuwa da shi, shi zai tsira.

Tsoro ya kama Baba, tsoro na gaske, wai zai mutu bai ga abin nan ba. Ya shiga yaƙin neman zaɓe daga kan akwatinsa. Duk takalmin da ya zo sai ya fita yana ƙyalli, mai shi kuma ya fita da huɗuba a kunne. "Ku dai yi tunani. Mutumin da ya dawo da yaransa gida da rai, ai shi ne abin gani." Su ce, "To, Baba," su tafi suna tambayar juna me ya haɗa tsoho da na kusurwa.

Saje Doguwa ce ta kawo sakamakon, bakinta har kunne. "Baba, tawa ta ci! Uwar Mayaƙa ta kwashe. Naka kuwa ko..." Sai ta ga fuskarsa, ta haɗiye sauran. Ta durƙusa a gabansa da kakinta. "Lafiya, Baba? Wani abu ne?"

Ya yi ta juya gwangwanin gam a hannu. Can ya faɗa mata komai, har da kwanon. Yana gamawa ya sunkuyar da kai yana jiran dariya.

"Yanzu tun kafin a haife ni kake zaune nan da wannan magana a ciki?" Ta miƙe a fusace, ta kaɗe gwiwarta. "Gobe ka sa rigarka mai kyau."

Yadda ta yi da kwamanda, ita ta sani. Washegari da hantsi dai ga Baba da takarda a hannu, ya wuce ƙofa ta biyu yana ta kalle-kalle kamar baƙo a tasha. Zauren ya fi yadda yake zato girma. An jera benci a gefe, an shimfiɗa leda a ƙasa, mai fenti ya riga ya shafe Mai Giwa, saura ƙafafun dokin Mai Farin Doki. Saje ta kai shi kusurwa ta ce, "Ga mutuminka."

Baba ya ɗaga kai. Ya murza ido, ya matsa gaba, ya ja baya. Zanen yana can sama, shi kuma yanar ido ta daɗe da fara rufe masa gani. Ɗinki ma yanzu da lalube yake yi, bai dai faɗa wa kowa ba. Abin da ya gani duhu-duhu ne da ɗan ja a tsakiya.

"'Yata," ya ce, "ba na gani."

Saje ta juya ga mai fenti. "Malam, kawo tsanin nan."

"Ranki ya daɗe, tsoho ne fa, in ya faɗo..."

"Na ce kawo!"

Ta riƙe ƙafar tsanin ɗaya, mai fenti ya riƙe ɗaya. Baba ya cire takalmansa, ya yi bismillah, ya hau a hankali, yana hutawa a kowane mataki, har hancinsa ya kusa taɓa bango. A nan kusa fuskar ba ta shiga ido gaba ɗaya, sai ya bi ta gaɓa-gaɓa. Ga haɓa, gemu ɗan kaɗan. Ga kumatu a cike, ba rami ko ɗaya. Ga ido a tsuke. Sama da girar hagu kuma ga ɗan tabo, wanda ya samu yana yaro da ya faɗo daga katanga. Ashe mai zanen bai bar shi ba. Baba ya sa yatsa a kan na bango, ya sa ɗaya a kan nasa. Daga ƙasa Saje ta ga duka biyun, ta kau da kai.

Ya daɗe a sama. Fentin da ke burushi har ya fara bushewa.

"Baba, ya ka gan shi?" in ji Saje.

Ya yi 'yar dariya, hawaye na bin furfurarsa.

"Kyakkyawa ne, 'yata. Ashe wannan uwar yaran nan ta aura." Ya shafa kumatun sau ɗaya da tafin hannu. "Ku riƙe da kyau, zan sauko. Malam, yi aikinka."