Na Ce Mata Tsagar Bangon Ba Komai Ba Ce

Assalamu alaikum. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba, ko da yake na san mutanen unguwarmu ta New Bell da dama za su gane gidan da nake nufi tun kafin su kai ƙarshe.

A lokacin da abin ya faru ni budurwa ce mai ji da kanta. Na gama karatun kasuwanci a nan Douala, ina aiki a ofishin mahaifina, kuma duk cikin 'ya'yansa ni ce 'yar gaban goshi. Baba attajiri ne wanda ba a buƙatar kwatancen gidansa, ko ɗan acaba ka tare ka ce gidan Alhaji, ya san inda zai kai ka. Bai gaji ko sisi ba. Kakanmu ya zo daga Najeriya da fataucin goro, ya rasu bai bar komai ba sai ɗaki biyu. Baba ya fara da tukubar tsire a bakin titi, daga nan ya shiga sayo shanu daga arewa ana kawo su a jirgin ƙasa, sannan ya sayi manyan motoci masu ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa Chadi. Da kuɗi suka zauna sai ya faɗa harkar shinkafa da gidajen haya. Bai yi boko ba, Faransancinsa na kasuwa ne, don haka duk inda za a yi magana da hukuma ko 'yan jarida, ni ce bakinsa.

Magana kuwa ba ta ƙarewa a kansa. An ce shinkafa ta jiƙe masa a sito ya sa an sake mata buhu an kai kasuwa. An ce da aka yi gobara a layin bayanmu, toka ba ta huce ba ya aika a sayi filayen mutane da araha. Direbobinsa sun taɓa ajiye aiki saboda wani abokinsu da ya yi haɗari aka watsar da iyalinsa. Amma kuma wannan mutumin ne yake ciyar da unguwa da azumi, shi ya gyara rufin masallacinmu, ya kai tsofaffi Makka, kuma ba a taɓa kai masa kukan asibiti ya juya baya ba. Ni alherin nake gani, sauran duk na ɗauke shi hassada. Duk wanda ya taɓa Baba, sai na wanke shi tas da Faransanci mai kyau, in dawo gida ana yaba mini.

Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya karanta aikin gini. Mutum ne mai shiru, ba ya zaman fadar Baba. Da Baba ya sayi wani fili a unguwar Bépanda, wuri ne da asalinsa fadama ce aka cike da ƙasa, sai ya ba Yaya aikin. Yaya ya zana bene hawa biyu, ya tsaya a kai har aka gama, masu haya suka shiga. Ba a jima ba wani abokin hamayyar Baba ya tayar da nasa benen a can gaba, ya fi namu tsawo nesa. Abin ya tsaya wa Baba a rai. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kira Yaya falo, ina wurin, ya ce masa yana so a ƙara hawa biyu a sama. Yaya ya durƙusa ya ce Baba ya yi haƙuri, tushen ginin ba zai ɗauka ba. Baba ya ce shi yana gina gidaje tun Yaya bai san hannunsa na dama ba, kuma da kuɗin wa aka yi karatun da ake zuwa ana yi masa gardama da shi. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce duk gaskiya ne, amma ƙasar wurin ba ta san ko Baba wane ne ba, nauyi kawai ta sani. Wannan kalma ce ta ƙona wa Baba rai. Ya ce Yaya ya fitar masa daga gida, kada ya ƙara taka masa ofis.

Na bi Yaya har ƙofar gida, ba don in ba shi haƙuri ba. Na ce masa butulu ne, ya shiga sahun maƙiya, ya kunyata mahaifinsa don a ce ya yi karatu. Ya ce ni ƙanwarsa ce, abu ɗaya yake roƙo, in na taɓa jin an ce bango ya tsage a gidan nan, kada in tsaya neman izinin kowa, in kira shi, kuma in sa mutane su fita. Na yi tsaki na koma ciki. Baba ya samo wani magini wanda ba ya musu, aka ɗora hawa biyun, aka yi fenti, mutane suka zo suna ta sa albarka.

A ƙasan benen akwai wata tela, Bafulatana ce daga arewa, mijinta ɗan acaba ne, suna da 'yar yarinya da ta fara tafiya. Ita ke yi mini ɗinki, mun saba sosai, tana kirana Hajiya ƙarama. Damina ta yi nisa na kai mata atamfa, sai ta kama hannuna ta ja ni uwar ɗaka, ta ɗage labule ta nuna mini tsaga a bango, tun daga sama har ƙasa, yatsa yana shiga. Ta ce ƙofarsu ma ta daina rufuwa sai an sa kafaɗa, kuma in wuri ya yi tsit tana jin kamar yashi na zuba a cikin bango. Ta ce maigidanta ya ce su koma wurin ɗan'uwansa a unguwar Logbaba, amma ita ta ce a dakata ta tambayi Hajiya ƙarama, don ni mai ilimi ce, kuma ba zan cuce su ba. Nan ne masu kawo mata ɗinki suka san ta, in ta tashi sai ta fara daga farko.

Wallahi maganar Yaya ta faɗo mini a take. Wayata tana hannuna, lambarsa tana ciki. Amma kiran sa yana nufin na yarda shi ne mai gaskiya, ni da na zage shi a ƙofar gida. Sai na wuce wurin Baba. Ya yi dariya ya ce yaɓe ne kawai ya buɗe saboda ruwa, zai aika a shafe, kuma in kiyaye kada in tsorata masa masu haya, don maƙiya jira suke su ji an ce gidan Alhaji ya tsage. Na fito na kira telar, na ce ta kwantar da hankalinta, ba komai ba ne. Da na ji muryarta ba ta natsu ba, sai na ƙara da cewa injiniya ya duba ya ce lafiya lau. Babu injiniyan da ya duba. Ni na ƙirƙiro don maganar ta mutu. Ta yi mini godiya har da addu'a.

Aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, irin na Douala da yake kwana ya wuni. Wata ranar aiki da hantsi ina ofis aka bugo waya aka ce benen Bépanda ya rushe. Ban san yadda na isa wurin ba. Na tarar da tulin siminti da ƙarafa, da katifu da tukwane a cikin taɓo, 'yan acaba da maƙwabta suna tono da hannu. Allah Ya sa yawancin mutane sun fita nema, amma ba duka ba. An ciro telar da rai, ƙafarta ta dama ta niƙe, daga baya aka yanke ta a asibiti. Yarinyar tana barci a bayanta lokacin da abin ya faru. Na ga sanda uban ya fito da ita naɗe a zanen uwarta, ya wuce ta gabana bai ko kalle ni ba. Ba ita kaɗai aka rasa ba a ranar.

'Yan sanda sun tafi da Baba, amma bai daɗe ba ya dawo gida. Da 'yan jarida suka cika ƙofar gida ya sa aka shigo da su, ya zaunar da ni kusa da shi kamar kullum. Yana faɗa da Hausa ina juyawa. Ya yi ta'aziyya, ya yi alkawarin ɗaukar nauyin asibiti, sannan ya ce shi ɗan kasuwa ne bai san gini ba, ɗansa injiniya shi ya zana gidan kuma shi ya tsaya a kai. Wannan kam ban juya ta nan take ba. Baba ya juyo ya dube ni, irin kallon da ban taɓa iya tsallakewa ba tun ina yarinya. Na buɗe baki na faɗa musu da Faransanci, kalma bayan kalma. Washegari aka kama Yaya.

Ya yi watanni a tsare. A gaban alƙali bai faɗi komai a kan Baba ba, ya ce dai shi hawa biyu ya gina, kuma a tambayi maƙwabta. Daga ƙarshe aka sake shi, maganar ta bi ruwa kamar yadda maganganun masu kuɗi suke bi. Sai dai sunansa ya riga ya ɓaci, ba wanda zai ba shi ko ginin kewaye. Ya koma wata unguwa a bayan gari da ake kira PK 14 yana buga bulo a bakin hanya. Ummarmu ta daina yi mini magana sai ta dole, ta rame, ta koma kullum tana kan darduma.

Baba ma bai tsira ba. Abokan kasuwanci suka janye jiki, masu haya suka riƙa ficewa daga sauran gidajensa, motocin aka sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, bakinsa ya karkace. Falon da a da ba ka samun wurin ajiye takalmi ya koma wayam. Wata safiya sai ga Yaya ya shigo da sallama, hannunsa duk kanta. Ya gaida Umma, ya shiga ɗakin Baba, ya ɗaga shi ya yi masa wanka. Haka ya riƙa zuwa har Allah Ya karɓi ran Baba. Duk sanda Baba ya gan shi sai hawaye, yana motsa baki, amma maganar ba ta fita. Ni da na nemi gafarar Yaya, cewa ya yi shi nasa mai sauƙi ne, ya yafe, amma akwai wadda ya kamata in je wurinta.

Na daɗe ina ja da baya kafin na je Logbaba. Na same ta a wani ɗan ɗaki, tana ɗinki da keken da ake juyawa da hannu. Ta karɓe ni, ta ba ni ruwa, ta yi mini gaisuwar Baba, ta tambayi lafiyar Umma. Na durƙusa na faɗa mata cewa babu injiniyan da ya duba bangon nan, na roƙe ta ta yafe mini. Sannan ta ce Alhaji ta yafe masa, don ba ta san shi ba, ko magana ba su taɓa yi ba. Ta ce abin da ban sani ba shi ne, ranar da na kira ta sun riga sun ɗaure kayansu, maigidanta har ya nemo mai motar da zai kwashe su. Da ta ji maganata sai ta kwance kayan da hannunta, ta mayar da komai wurinsa, har tana yi wa mijin dariya wai ya cika tsoro. Ta ce tana so ta yafe mini, tana ƙoƙari, amma har yanzu zuciyar ba ta ba ta ba, in taya ta da addu'a. Da zan tafi ta ɗauki sandarta ta rako ni har bakin hanya.

Yau ina da aure da 'ya'ya, ina yi wa Baba addu'a a kowace salla, don mahaifina ne kuma ya yi alheri mai yawa. Amma na gane cewa son da na yi masa bai amfane shi ba. Ya tara masu ce masa gaskiya ne ranka ya daɗe, ni ce shugabarsu, mutum ɗaya da ya ce masa a'a kuma muka taru muka kore shi. Ina kira ga 'ya'yan masu hali da duk wanda yake cin abinci a ƙarƙashin wani babba: biyayya ba ta kai ga rufe ido a kan abin da zai taɓa ran mutane ba, kuma ba duk mai sukar naku ne maƙiyi ba. Sannan in wani ya zo ya tambaye ka abu don ya yarda da kai, alhali ba ka sani ba, don Allah ka ce masa ba ka sani ba. Da abin da na ce wa telar nan ke nan, da sun tashi a ranar.