Wandon da Na Ɗinka Masa

Da wata 'yar ƙara abin ya fara: ƙis-ƙis-ƙis, daga baranda, bayan sallar asuba. Ina kicin ina ɗora ruwan shayi, na ɗauka ɓera ne ya samu kwalin taliya. Na ɗauki tsintsiya na leƙa. Maigidana na gani a tsugune, bai ko cire jallabiyar masallaci ba, ya kifa wani siririn keke ƙafafu a sama, yana juya tayar baya da yatsa yana saurare, kamar mai sauraren numfashin jariri.

"Hajiya, kin ji?" ya ce. "Haka yake yi in ƙafa ta huta, taya tana gudu."

Na ce na ji, amma yaushe muka koma hawa keke, ga mota a ƙofar gida?

A Kubwa muke zaune a lokacin. An jima da komawa mulkin farar hula, Abuja sai buɗewa take, duk inda ka duba gini ne, ana ta faɗaɗa tituna. Shi kuwa ma'aikacin gwamnati ne, ya wuni a kujera, ya dawo a cikin cunkoso, ya ci tuwo ya kwanta. Likita ya ce suga ya kama shi, in bai motsa jiki ba magani kaɗai ba zai riƙe shi ba. Ya gwada tafiyar ƙafa, kwana tara ya bari. Sai wani abokin aikinsa ya kai shi wurin masu keke da suke haɗuwa duk Asabar a bakin tafkin Jabi.

Cikin 'yan watanni mutum ya canza mini. Tumbi ya sauka, suga ya sauka, hira ta dawo. Ya zauna yana yi mini bayanin tserensu ina tsince shinkafa: akwai na kwalta, akwai na hanyar burji ta cikin ƙauyuka, akwai kuma wanda ake zagaye fili ɗaya cikin ciyawa da taɓo, a diro a saɓa keke a kafaɗa a tsallake katako a sake hawa. Na ce wannan na ƙarshen wahala ce aka yi wa suna. Ba wanda yake biyansu. Malaman makaranta ne, 'yan kasuwa, ma'aikata irinsa. Autarmu, tana shekara shida a lokacin, ita ce abokiyar shawararsa. Kullum da safe sai ta tsuguna kusa da shi, yana juya taya tana ƙirga ƙis-ƙis ɗin har ta ɓace a lissafi.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: wandon. Baƙi ne, matsattse, iyakarsa cinya. Ranar da na fara ganinsa da shi sai da na yi salati.

"Alhaji, da wannan za ka fita? Da furfurarka?"

"Kowa shi yake sawa, Hajiya."

"Kowa ba shi ake turawa gaba ba in liman ya yi tafiya."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Tun ina Islamiyya na san abin da ke tsakanin cibiya da gwiwa a rufe yake. Ina tuna manyan motocin hanyar Dei-Dei da yake bi ta gefensu, in ce a raina, in ta Allah ta kasance a hanya, a haka za a ɗauko mini shi? In kuma sallah ta riske shi fa?

Ina da keken ɗinki tun na aure. Na sayo yadi marar nauyi, ruwan toka, na yanka masa wando irin na kaftani, har idon sawu, na buɗa ƙafar sosai don iska ta riƙa shiga. Da alwala na ɗinka shi. Ya karɓa, ya juya shi, sannan ya ce, "Allah ya yi albarka." Ya riƙa ɗora shi a kan gajeren, ya cusa bakin ƙafar cikin safa. Ni kuwa ina ganin na gama da wannan.

Tserensa na farko a kwalta ne. Ban je ba. Wajen hantsi aka dawo da shi a motarsa, wani yana tuƙi, hannunsa a rataye a wuya, da wandon wani a jikinsa. Ƙashin kafaɗa ya karye.

"Yashi ne a kwana," ya ce. "Ƙaddara ce, kar ki yi kuka."

Ƙashi ya haɗe cikin wata biyu. Likita ya ce ya koma hawa. Bai koma ba. Keken yana rataye a ƙusa a baranda, ƙura tana hawa, ina gogewa. Asabar ta zo, ya dawo daga masallaci ya koma gado. Na yi masa magana, ya ce kafaɗa. Na sake, ya ce aiki. A wata na huɗu aka ƙara masa magani. Ya koma zaman shiru a gaban talabijin, ƙafafunsa suna yi masa zafi. Auta ta daina fita baranda. Ban san na saba da wannan 'yar ƙarar ba sai da ta ɗauke, shayina ma sai in ga kamar ya fi daɗewa bai tafasa ba.

Wata Juma'a na buɗe but ɗin mota ina neman darduma in wanke, auta tana riƙe da bakin hijabina. A ƙarƙashin tayar ajiya na ga baƙar leda a cushe. Wandona ne. Ƙafar dama ta yage daga baki har gwiwa, ga tabon baƙin mai a jere, ɗigo-ɗigo, kamar sawun haƙora. Duk mai ɗinki ta san yagar ƙasa, ta san ta abin da ya kama yadi ya tauna. Ba yashi a jikin wandon nan. Na zauna a bakin but ɗin. Auta ta sa yatsa tana bin ɗigon ɗaya bayan ɗaya.

Bayan la'asar na ajiye shi a gabansa, a ninke.

Ya daɗe yana kallo. "Ya zame daga safa," ya ce. "Muna gangara. Sarƙa ta kama shi."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Don Allah kika yi. Ya zan ce miki shi ya kayar da ni?"

"To ka koma da gajeren naka mana. Na haƙura."

Ya girgiza kai. "Na gwada, ranar da kika je suna. Na tsaya a madubi, na kasa fita. Kin sa mini kunyarsa, kuma gaskiyarki ce. Wannan kuwa in na tuna shi ƙafata rawa take." Ya yi wata 'yar dariya. "Kin ga ba ni da wando, Hajiya."

Na yi kuka, amma ba mai yawa ba, don akwai tuwo a wuta. Washegari Asabar na nemi izininsa, na shiga tasi zuwa Jabi.

Suna nan wajen talatin, da hulunan kwano, kowa yana danna tayarsa da babban yatsa. Na tsaya gefe da hijabina da ledata, ban san wa zan tunkara ba. Wata mata ce ta gane ni, ma'aikaciyar jinya 'yar Filato da ta taɓa zuwa gida duba shi, ashe ita ta ɗaure masa hannu ranar da ya faɗi. Na fito da wandon.

"Ayya, Hajiya!" ta ce. "Ke ce ya ɗinka wannan? Mun gaya wa Oga ya cire, ya ce madam ne ta yi, ba zai cire ba."

Ta ɗaga bayan kekenta, ta ce in tsuguna. Ta juya feda da hannu. Sai ga wani faifai mai haƙora a ɓangaren dama, sarƙa tana hawa tana sauka, ƙafar mutum tana wucewa dab da shi. Shekara guda keke yana barandata, ina goge shi, ban taɓa kallon wurin nan ba.

"Kin gani? Sarƙa bai san Alhaji ba, bai san fasto ba. Abin da ya samu zai ci."

Na tambaye ta ko dole sai cinya a waje. Ta ce wa ya ce? Ita ma yayanta ba ya yarda. Abin da ake so kawai, kada komai ya yi lilo ƙasa da gwiwa. Ta ja rigarta ta nuna mini irin yadin, mai talewa ya koma, ta ce in nema a wurin 'yan gwanjo.

Sau uku na ɗinka. Na farko ya matse har ya fi gajeren rashin kunya. Na biyu roba ta yi masa ƙarfi, ta yi masa shaida a ƙwauri. Na uku na sake shi a cinya yadda ba zai nuna jiki ba, na tattare shi a ƙasan gwiwa da roba mai faɗi. Na ce ya sauko da keke. Ya ce gobe. Na ce ni awo zan yi, ba tsere ba. Ya hau a baranda, ya dafa bango, yana juya feda baya-baya, ni ina durƙushe ina kallo. Tsakanin yadi da sarƙa na sa hannuna: tafi guda har da ragowa.

"Duba da kanka," na ce.

Ya sunkuya ya duba. Ya sake juyawa. Ya daɗe bai sauka ba.

Tseren da ya koma da shi na burji ne, wajen Abaji, ƙarshen damina. Wannan karon na je, ni da auta. Muka zauna a gindin mangwaro inda za a ƙare, kusa da mata masu sayar da doya, ina jan carbi. Masu gudu suka fara isowa, jajaye wur da laka, ba ka gane fuskar kowa. Ni ba fuska nake kallo ba, ƙafar dama nake kallo. Aka yi ta shigowa, babu shi. Sai ga 'yar Filato, tana haki, ta hango ni tun daga nesa.

"Hajiya! Oga na zuwa! Ya ɗauki keke a kafaɗa ya tsallake rafi! Wando lafiya lau!"

Masu doya suka kwashe da dariya, ba su san zancen ba.

Mutum biyu kawai ya riga. Ya tsaya a gabana, ya ɗaga ƙafar dama ya nuna mini. Laka ce har cinya, amma ko zare bai tashi ba. Aka kira azahar daga cikin gari. Ya yi alwala da ruwan gorarsa, na shimfiɗa masa dardumar, ya tayar da sallah a cikin wandon nan. Wasu mutum biyu cikin 'yan tseren suka ɗaura zannuwan da masu doya suka ara musu, suka bi shi. Na juya baya ina gyara ɗankwalin auta, wanda ba abin da ya same shi.

Washegari ina ɗora ruwan shayi na ji ƙis-ƙis-ƙis daga baranda, da muryar auta tana ƙirgawa. Can ƙirgar ta tsaya. Sai ga ta a ƙofar kicin, ta rataya tef ɗina na awo a wuya yana jan ƙasa. Ta miƙo mini, ta turo ƙafarta ta dama gaba.

"Umma, auna ni. Irin na Abba nake so, wanda ba ya kayar da mutum."