Ranar da Muka Tura Motar Tietie Galiema

Ranar Alhamis, sha bakwai ga Oktoba, ana idar da sallar azahar, 'yarki Kashiefa ta kira ni daga asibiti ta ce, "Kawu, Mama ta cika." Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kafin rana ta faɗi mun kai ki makwancinki a Mowbray, iska tana fizgar mayafin makara, mutanen unguwarmu Bo-Kaap sun cika maƙabarta har bakin ƙofa.

Tietie, kamar yadda muke kiran babbar yaya, ni ne ƙaninki Moegsien. Tun ranar ban iya zama wuri ɗaya ba. In hau gidanki, in sauko nawa, in sake hawa. In buɗe gareji in tsaya ina kallon koriyar motarki, in rufe, in manta ko na sa kwaɗo, in koma. Matata Rugaya ta ce ko dai in zauna in sha shayi, ko in nemi abin da zan yi da hannuna. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ke kika raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Kin bar makaranta kin shiga masana'antar ɗinki a Salt River don ni in ci gaba da tawa. Da kin dawo gida, ki sake hawa wani keken, kina ɗinkin rigunan amare. Kowace safiyar Lahadi ƙanshin koesister ɗinki, fanken nan mai zaƙi, ke tayar da layinmu, kuma rabin abin da kika soya a kwanon maƙwabta yake ƙarewa. Ba ki da taushin baki, wannan kowa ya sani. Amma ban san gidan da aka yi haihuwa ko mutuwa a unguwarmu ba a gan ki a kicin ɗinsa ba.

Da mijinki Boeta Sedick, wato Yaya Sedick, ya rasu, masana'anta kuma ta rufe, sai kika yi abin da ya ba kowa mamaki. Kika sayo tsohuwar motar tsere mai kujera biyu, mai rufin tamfol da ake naɗewa. Na ce miki, "Tietie, mai jikoki da motar 'yan gayu? Me mutane za su ce?"

Kika ce, "Na ƙare ƙuruciyata ina taka fedar keken ɗinki, ban je ko'ina ba. Bari in taka wadda ke tafiya."

Sai dai ba ki cika hawanta ba. Kujerar tana ƙasa sosai, gwiwoyinki kuma sun fara ƙin lanƙwasa. Sai ta yi watanni a gareji ƙarƙashin tsohon bargo, batir yana tsiyayewa a hankali. Ni da na yi rayuwata ina tuƙin bas na gaji da yi miki wa'azi. Na ce ki riƙa tayar da ita kowane mako ki zaga da ita, kika ce to. Na ce ki cire waya ɗaya daga kan batir idan za ta daɗe a ajiye, kika ce to. Na sayo miki cajar da ake jonawa a bango, kika ɗora ta saman kabad cikin kwalinta, domin wurin jonawar na dutsen guga ne. Sai wayata ta yi ƙara in ji muryarki: "Moegsien, gimbiyar ta ƙi tashi. Taho da wayoyinka na tayar da batir."

Lokacin fitowarta na gaske shi ne ƙarshen shekarar karatu, sa'ad da 'yan ajin ƙarshe na sakandare ke zuwa liyafar bankwana kowa cikin motar da iyayensa suka yi haya. Ke kuwa kina lura da gidan da ba za a iya ba. Ki ɗinka rigar, ki wanke motar, ki ɗaura ɗankwalinki tamau saboda iska, ki kai yaron ko yarinyar har ƙofar zaure. Ba ki taɓa ba kowa sitiyarin ba, har ni.

Bana zuciyarki ta yi rauni. Likita ya hana ki hawa bene, ya hana ki tuƙi. Amma akwai Nuraan, 'yar maƙwabciyarki Shamiela, wadda mahaifinta ya fita kamun kifi da damina teku ba ta dawo da shi ba. Yarinyar ta daina magana da mutane, ta ce ba za ta liyafa ba, jarrabawar ma ba ta ga amfaninta ba. Kika kira ta kika auna ta ba tare da kin tambaye ta ba. Na gan ki kina ɗinka shuɗiyar rigar nan, ki yi layi ɗaya ki tsaya ki mayar da numfashi.

Ana gobe liyafar na ce bari in duba motar. Kika ce kwanan nan kika tayar da ita. Ba ki tayar ba, Tietie, na gane daga baya. Kin ji tsoron kar in gano wani abu in hana.

Ranar, bayan la'asar, kika murza makulli, motar ta yi ƙyas ta yi shiru. Muka turo ta waje, na matso da tawa, na jona wayoyi. Babu komai. Na duba kawunan batir na ga sun yi farin gari, na wanke da ruwan zafi, na kankare da wuƙar kicin, na sake jonawa. Fitilun gaban sitiyari suka ɗan yi haske suka mutu. Batirin ya riga ya tafi. Shagon batir yana can cikin gari, ga cunkoson yammacin Juma'a, ga lokaci yana ƙurewa. Na juya sai na ga Nuraan a bakin ƙofa cikin rigarta, ta haɗa hannuwa a gaba. Ta ce a hankali, "Anti, a bar shi kawai. Dama ban so zuwa ba."

Kika dube ta, kika dube ni, kika ce in je masallaci in kira duk wanda bai tafi ba.

Na ce, "To ni zan shiga, ke ki zauna a inuwa."

Kika ce, "Kai ka yi mata alƙawari?"

Kashiefa ta riƙe ƙofar motar tana cewa, "Mama, likita fa ya ce..."

Kika ce, "Likitan zai zo ya kai ta? Saki ƙofata."

Maza suka fito da fararen huluna, galibi tsofaffi irina. Boeta Faldie mai aski ya dafa bayan motar ya ce, "Galiema, bana ma? Ladan turin nan kaɗai ya isa ya kai ni Makka." Kika ce masa ya rage surutu ya ƙara ƙarfi. Muka tura kan duwatsun layinmu, motar ta ɗauki gangara, kika saki kuloci, ta yi tari ta girgiza ta mutu. Kika taka birki a tsakiyar gangaren. Abin da ya rage kafin babban titi ɗan kaɗan ne, titin kuwa cike da motoci. Idan wannan bai yi ba, babu mai iya mayar da ita sama.

Na sunkuya ta taga na ga gumi a goshinki, numfashinki yana fita guntu-guntu. Na ce, "Tietie, don Allah sauko." Ba ki ko kalle ni ba. Sai na ce, "To giya ta biyu, kar ki saki kuloci sai ta yi gudu sosai." Kika ce, "Na sani, direban bas. Tura."

Muka sake turawa, ina gudu a gefenki da ƙafafun da suka manta gudu. Na ga titin yana matsowa, na ga wata babbar mota tana wucewa. Sai motar ta yi tsalle, hayaƙi ya turnuƙe, injin ya kama da ruri. Kika tsayar da ita dab da bakin titi, ƙafarki a kan totur. Babu damar kashewa, babu damar komawa sama. Sai ga Nuraan tana gangarowa a guje, takalma a hannu ɗaya, gefen riga a ɗayan, uwarta na biye da jaka. Yarinyar tana dariya. Shamiela ta ce mini rabonta da jin wannan sautin tun kafin teku ta ɗauke mijinta.

Na tari tasi na bi ku a baya. Da kika sauke ta, kika yafito ni, kika ja jiki zuwa ɗaya kujerar, injin yana aiki. Leɓɓanki sun yi toka. Kika ce, "Kai ni gida, kuma kar ka kashe ta a hanya." Can a gaba kika ce, "Ka ga fuskarta?" Shi ne karo na farko da na riƙe sitiyarin nan. A makon da ya biyo aka kwantar da ke, ba ki sake dawowa gida ba.

Wannan ne ya hana ni sukuni. Na tambayi likita ko ranar ce ta jawo, ya ce zuciyar dama ta gaji. Na tambayi liman, ya ce ajali ba ya matsawa gaba ko baya. Na yarda da su duka, amma ƙafafuna ba su yarda ba. Kashiefa kuwa ba ta zarge ni ba, amma na kasa haɗa ido da ita.

Sai jiya, a addu'ar bakwai. Nuraan ta zo da littattafanta a jaka, domin ta fara jarrabawa, ta taya matan gida rabon abinci. Ina tsaye a bakin ƙofa na kasa shiga, Kashiefa ta fito ta miƙo mini shayi, sannan ta ce, "Kawu, da ba ku tura ba, wallahi da kanta za ta fito ta tura. Shigo ka zauna." Na shiga na zauna, na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Allah Ya gafarta miki, Tietie Galiema. Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya sa kowane maraya da kika suturta ya zama shaidarki ranar tsayuwa. Ya haɗa ki da Boeta Sedick da iyayenmu a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Kashiefa da mijinta da 'ya'yansu, ga Shamiela da Nuraan, da duk mutanen layinmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.