Ɗigon Manja a Takalmin Lefe

Ranar da za a kai lefen Yaya unguwar Akurba saura kaɗan in ja wa gidanmu abin kunya, kuma ba komai ya jawo ba sai rawar kaina. Kwana uku akwatunan suna ɗakinmu. Mama ta ce kada wanda ya taɓa. Ni kuwa duk shigar da zan yi sai na buɗe ƙaramin, saboda wani takalmi mai tsini da ke ciki, ruwan madara, an lulluɓe shi da yadin satin mai sheƙi. Da safen nan na ce bari dai in zura ƙafa in ga. Ya ɗan matse ni, amma ya shiga.

Ina tsaye gaban madubi Mama ta ƙwala min kira daga bayi, wai in juya miyar agushi kada ta kama. Taku goma ne zuwa murhu. Na ce wa zai tsaya cire takalmi saboda taku goma? Ina ɗaga murfi miyar ta yi tsartuwa. Ɗigo ɗaya na manja, a kan hancin ƙafar dama, ja wur.

Ƙarfe goma ke nan. Bayan la'asar Gwaggo, yayar Babanmu, za ta zo da mata a ɗauki kaya. Lefe kuwa ba a rufe ake miƙa shi ba. Dangin amarya za su zauna a tabarma, a ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya kowa ya gani. Wata takwas Yaya yana haɗa kayan nan. A ce a ɗaga takalmi da tabon miya, me za a ce? Gwanjo muka kawo?

Na shige ɗaki na sa bakin zani na murza. Ɗigon da bai fi ƙwayar gero ba ya baje ya kai girman wake. Na naɗe takalmin cikin hijabi na fita ta ƙofar baya, sai shagon maƙwabciyarmu, wata 'yar ƙabilar Eggon da ke ɗinka rigunan auren coci. Madam muke ce mata.

Ta karɓa ta duba, ta dube ni. "Kai yarinya, wa ya ce ka goge shi? Satin ba ya son faɗa."

"Madam, don Allah ki bar wa'azi. Zai fita ko ba zai fita ba?"

"Ka zauna tukuna."

Ta ɗauko farar hoda irin ta jarirai ta tula a kan tabon. Ta ce hodar ce za ta tsotse man, a bar shi awa ɗaya. Awa ɗaya! Na zauna, na tashi, na leƙa titi, na dawo. Duk keken da ya tsaya sai in ga kamar Gwaggo ce ta yi sammako. Ko minti ashirin ba a yi ba wata ta shigo awo, Madam ta juya baya. Na kaɗe hodar, na jiƙa tsumma da ruwan da ke cikin wata roba na danna. Jan ya ragu, amma ruwan ya zana shati zagaye da wurin, ya fi tabon muni.

"Hannunka yana ƙaiƙayi ne?" in ji Madam. Ta fizge takalmin, ta jira ya sha iska, ta sake zuba hoda, ta ɗora shi saman kabad inda hannuna ba ya kaiwa.

Na koma gida na daka sakwara. Mama ta tambaye ni me ya sa nake kallon agogo kamar ni za a aura.

Wajen sha biyu da rabi Madam ta kakkaɓe hodar da tsohon buroshin haƙori. Ta ɗiga sabulun ruwa na wanke kwanuka cikin ruwan sanyi, ta ba ni farin tsumma. Dangwale kawai, ta ce, ka bi yadda zaren ya kwanta. Na yi ta dangwalawa har wuyana ya ƙage. Tabon ya tafi. Shatin ruwan ne ya ƙi, sai da muka bi takalmin gaba ɗaya da danshi. Da muka jera shi da ɗan'uwansa sai ga ɗaya ya fi ɗaya duhu. Dole na hagun ma, da bai yi laifin komai ba, ya sha wanka.

Ranar garinmu Lafia tana ƙuna a waje, minti goma ya isa ta busar da su. Madam ta ce in na kai su rana za su yi rawaya, kuma kada in dawo mata. Ga shi an ɗauke wuta, babu fanka. Na cusa musu farar takarda na zauna ina fifita da kwali har aka kira la'asar. Saman ya bushe, cikin da saura. Haka na mayar da su akwati, na nace sai an tafi da ni.

A gidan amarya aka ɗaga atamfofi, aka ɗaga leshi, ana ta guɗa, ni ko ruwan da aka ba ni na kasa sha. Wata dattijuwa, gwaggon amarya, ita ke ɗagawa. Ta ɗauko takalmin ta juya shi, ta zura yatsa ciki, ta tsaya. Ta kai shi hanci.

"Ni na sa," na ce. Ban ma san ya fito ba. "Manja ya ɗiga, na wanke."

Gwaggonmu ta damƙi cinyata ta ƙarƙashin hijabi.

"Lamba nawa kike sawa, 'yata?" dattijuwar ta tambaya.

"Talatin da tara."

"Tamu talatin da takwas ce. To madalla, ƙanwar miji ta buɗa mata shi, ba zai ci mata ƙafa ranar biki ba." Ta miƙa wa matar da ke gefenta. "A ajiye bakin taga ya ƙarasa shan iska."

Aka kwashe da dariya, aka ci gaba da ɗaga kaya. Gwaggo ba ta yi dariyar ba. Sai da keke ya kusa layinmu ta buɗe baki.

"Da bakinki za ki faɗa wa yayanki, kafin ya ji daga bakin surukansa."

Yana ƙofar gida yana jiran labari. Tun keken bai gama tsayawa ba na diro.