Launin da ke Ƙarƙashin Roba

Dogo mai fenti ya shafe fiye da rabin rayuwarsa a wata rumfar kwano da ke ƙarshen layin makanikai, kuma da wuya a gan shi babu ɗigon launi a gemunsa. Ƙa'idarsa a sana'a guda ce, bai taɓa saɓa mata ba: idan aka kawo masa tsohuwar mota, ba ya yarda da launin da ke jikinta, domin rana ta riga ta cinye shi. Sai ya ɗaga robar ƙofa, ya leƙa ƙarƙashinta inda haske bai taɓa shiga ba, ya haɗa fenti daidai da abin da ya gani a can.

Mahaifinsa direban haya ne a da. Da wata mota mai dogon boneti, wadda ya saya bayan ta sha jiki a hannun wasu, ya ciyar da 'ya'yansa har suka kawo ƙarfi. Da tsufa ya yi nisa, sai mantuwa ta kama shi. Ya manta sunan Dogo, ya koma kiran babbar 'yarsa baiwar Allah. Amma kowace safiya sai ya dogara sanda zuwa bayan gida, inda motar take ɗore a kan duwatsu, fentinta ya koɗe ya koma kamar toka, ya share ta da hannun riga, ya tambaye ta yadda ta kwana.

Wannan ne ya tsaya wa Dogo a rai.

"Yaya, zan ɗauke ta in gyara," ya ce wa 'yar'uwarsa. "Idan ya gan ta a kan ƙafafunta, wataƙila mu ma ya tuna da mu."

"Kai dai ba ka ganin ƙarfe ka bar shi ya huta."

"Tsatsa ce fa take cin ta."

"Mu ma ai tana cin mu. Wa ya fesa mu?"

Duk da haka ya ja ta zuwa rumfarsa. Ya kankare tsohon fentin da samfefa har ƙarfe ya bayyana, mai walda ya yanke inda ya ruɓe ya liƙa sabo, shi kuwa ya cike ramuka, ya goge, ya sake gogewa. A ƙarƙashin roba ya tarar da shuɗi mai duhu, mai sheƙi, wanda shi kansa bai taɓa ganin motar da shi ba. Ya haɗa shi har idonsa ya kasa bambance su, sannan ya fesa a tsanake, shafi a kan shafi. Tsawon wannan lokaci tsohon yana fita kullum, ya tsaya a gaban duwatsun, ya koma ɗaki.

Ranar da aka maido ta, Dogo ya riƙo hannun mahaifinsa har gabanta. Tsohon ya dube ta, sai ya ja da baya, ya ɓoye hannunsa a aljihu don kada ya ɓata wa mai ita.

"Bawan Allah, taka ce? Allah ya sanya alheri. Amma a nan nake ajiye tawa. Ko ka ga wanda ya ɗauke ta?"

"Baba, ita ce wannan."

"A'a. Tawa ba ta da wannan fankama."

A nan Dogo ya gane abin da ya yi. Wannan shuɗin na mai ita na farko ne. Wanda mahaifinsa ya sani kuwa, Dogo da hannunsa ya mai da shi ƙura, ya share da tsintsiya.

Ya koma rumfa ya tone tulin tarkace, ya samo guntun ƙofar da mai walda ya yanke, da koɗaɗɗen fentinsa. Tsohon ya karɓa, ya shafa shi da hannun riga, ya daɗe yana kallonsa.

"Hatsari ta yi?" ya tambaya a hankali.

Daga ranar bai ƙara zuwa bayan gida ba. Guntun ƙofar yana ƙarƙashin matashinsa har ya rasu. Motar tana nan inda take, kuma Dogo bai taɓa yarda a lulluɓe ta ba, komai zafin rana.